Yadda Fijo 504 Ta Koma Abin Adanawa

A Turai, sha'awar tara tsofaffin motoci ta daɗe da kafa ƙungiyoyi da dokoki. Ƙungiyar duniya mai kula da harkar, FIVA, ba ta kiran mota ta tarihi sai ta cika shekara 30 kuma tana nan da kamanninta na asali. Mu a Arewa, harkarmu a garejin bakanike ta tsiro, kuma kusan duk labarinta yana rataye ne a wuyan mota ɗaya, Peugeot 504.

Faransa ta fito da ita a 1968, shekara na zagayowa ta zama gwarzuwar motocin Turai. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Gowon. A farkon lamarin, ta jirgin sama ake kwaso sassan motar daga Lyon zuwa Kano, a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Daga nan ta bazu: babban sakatare yana da ita, ɗan kasuwa yana da ita, wagon ɗinta kuma ita ce ke jigila tsakanin Kano da Legas. Turai ta daina ƙera ƙaramar tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

A wancan zamani babu mai tunanin adana ta, don ba a adana abin da ke ko'ina. Sai dai a lokacin ne aka gina ilimin da muke ci yanzu. Yaran da suka koyi aiki a kan 404 da 504 sun san injin nan ciki da bai. Irinsu ne za ka ga ya kara kunne kusa da kaburato, yana juya sukurun iska kaɗan-kaɗan, har sai sautin injin ya daidaita, ba tare da wata na'ura ba.

Daga 1986 darajar naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motoci 'yan Kwatano suka cika gari. Mutane suka koma motocin Japan masu ƙarancin shan mai. Wannan shi ne lokacin da muka yi asara mafi girma. Fijo ta koma ɗaukar itace da buhunan hatsi, aka yi ta cusa mata injin wata mota, wadda ta gaji kuma a jingine ta a lungu har 'yan gwangwan su saye ta a kan nauyin ƙarfe. Motoci masu lafiyayyen bodi da yawa haka aka daddatsa su.

Waɗanda suka fara juya akalar ba masu neman riba ba ne. Yawanci 'ya'ya ne da suka ƙi sayar da motar mahaifinsu. Daga su abin ya yaɗu, har aka fara bin gidajen tsofaffin ma'aikata ana tambayar wadda aka lulluɓe da tamfol a bayan gida.

In aka samu mota, ba fenti muke fara dubawa ba. Za mu ɗaga shimfiɗar ƙasa mu ga inda ruwa ya kwanta ya ci ƙarfe, mu leƙa gindin but da ƙasan ƙofofi. Sai a bi bodin da maganaɗisu: duk inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila ne an rufe da fenti. Daga nan a gwada lambar shasi da ta takardu. Bayan haka ne wahalar gaske take farawa, wato neman kaya. Fistin da gasket ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, amma fitilar gaba ta asali, da agogon dashbod, da zakin nan na gaban mota, sai an yi wata da watanni ana cigiya.

Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu ita ce ta asali. Wasu na cewa a sa mata injin zamani da na'urar sanyaya iska don a more ta kullum. Ni ina tare da masu cewa a bar ta yadda Kaduna ta fitar da ita, domin shaida ce cewa an taɓa harhaɗa mota mai ƙarko a ƙasar nan, da hannun mutanenmu.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne mutanen. Ƙarfe in ya yi tsatsa ana yanke shi a liƙa sabo, amma tsohon bakanike in ya rasu, da iliminsa yake tafiya, yaran garejin yau kuwa kwamfuta suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota. Saboda haka duk wanda ya kai tsohuwar mota gyara, ya nemi a sa yaro ɗaya ya tsaya kusa da maigidan daga kwance injin har ɗaure shi, ko da shi zai biya kuɗin abincin yaron. In ba mu yi haka ba, nan gaba za mu tara motoci masu ƙyalli da babu mai iya tayar da su.