Rock in Opposition: Tarihin Kiɗan da Kamfanonin Faifai Suka Juya wa Baya

Rock in Opposition, ko RIO a taƙaice, ƙawance ne da wasu ƙungiyoyin makaɗa na Turai suka ƙulla a 1978 domin su riƙa shirya wa juna wasa a gaban jama'a ba tare da jiran kamfanonin faifai ba. Daga baya sunan ya koma na salon kiɗan kansa, wato kiɗan rok mai sarƙaƙiya da ake tsarawa a rubuce, a haɗa gita da ganguna da kayan kiɗan gargajiyar Turawa irin waɗanda makaɗa huɗu ko biyar kan kaɗa a ƙaramin zaure.

Tushen abin ƙungiyar Henry Cow ce, wadda Fred Frith da Tim Hodgkinson suka kafa a Kambirij ta Ingila a 1968. Daga baya Chris Cutler ya shigo da ganguna, Lindsay Cooper kuma ta zo da kayan busa. Kamfanin Virgin ne ya fara buga musu faifai, amma kiɗansu bai samu kasuwa a gida ba, har suka raba gari da kamfanin a 1977. Yawon wasa a Faransa da Italiya da arewacin Turai shi ya riƙe su, kuma a can suka yi ta cin karo da makaɗa masu irin larurarsu: ga gwaninta, ga masu sauraro ƙalilan, amma ba mai buga musu faifai ya kai shi wata ƙasa.

Ranar 12 ga Maris 1978 Henry Cow ta shirya biki na farko, ta kawo ƙungiyoyi huɗu zuwa gidan wasa na New London Theatre a Landan: Stormy Six daga Italiya, Samla Mammas Manna daga Suwidin, Etron Fou Leloublan daga Faransa, sai Univers Zero daga Beljiyam. Mutum kusan 450 ne suka halarta. A ma'aunin kasuwar kiɗa wannan ba komai ba ne, amma daga wannan daren ake lissafin tarihin salon. A watan Disamba na shekarar makaɗan suka zauna a Suwizalan suka shimfiɗa sharuɗɗan shiga, ciki har da ingancin kiɗa da yin aiki a wajen ikon 'yan kasuwar faifai, suka kuma karɓi Art Zoyd da Art Bears da Aksak Maboul. Stormy Six ta shirya biki na biyu a Milan a 1979.

Cikinsu duka, Univers Zero ce ta fi nutsewa a kiɗan zaure. Makaɗin ganga Daniel Denis ya kafa ta a 1974. A faifansu na farko, na 1977, mutum bakwai ne: ganguna, gita biyu, goge irin na Turawa guda biyu, hamoniya, da Michel Berckmans a kan obo da basun. Sun sha daga rijiyar masu tsara kiɗa Bartok da Stravinsky. Faifan Heresie na 1979 kiɗa ne mai nauyi da duhu, kuma kiɗan farko a cikinsa ya haura minti 20.

A kan dandamali ne ake gane wahalar wannan aiki. Obo dangin algaita ce, amma tarbiyyarsu ba ɗaya ba. Algaitar da mutumin Ƙofar Kuyambana ya saba ji ranar hawan Sarkin Zazzau don fili aka yi ta. Mai busa zai cika kumatu, sautin ya ratsa ganguna da kakaki ba tare da lasifika ba. Obo da basun kuwa don ɗaki aka ƙera su, musamman basun, doguwar abar busa ta katako mai muryar ƙasa-ƙasa, wadda duka ɗaya na ganga kan haɗiye. Dole a kafa mata makirfo, dole mai ganga ya iya sassauta hannu. Ga kuma lissafin bugu. Yawancin kiɗan rok a kan bugu huɗu yake tafiya, su kuwa sai su hau bakwai, su sauka biyar, su koma goma sha ɗaya, wani lokaci mai goge na kan wani lissafi mai ganga na kan wani, su haɗu a gaɓa guda. Wanda ya yi sakaci da ƙidaya ya jefa sauran cikin ruɗani. Shi ya sa ake ganin takardun kiɗa a gaban wasunsu, masu kallo kuma galibi a zaune suke shiru, ba rawa. A ganina wannan ita ce darajar salon: mutum shida ko bakwai su ɗauki abin da ya fi sauƙi a harhaɗa a ɗakin ɗaukar sauti, su yi shi gaba da gaba da jama'a.

Art Zoyd ta Gérard Hourbette da Thierry Zaboitzeff ta bi wata hanyar. Ta daɗe tana wasa ba mai ganga, sannan ta shahara da kaɗa wa tsofaffin finafinai marasa magana kiɗa kai tsaye ana haska su, kamar Nosferatu na 1922, wanda ta fitar da kiɗansa a 1989.

Ƙawancen kansa bai yi tsawon rai ba. Henry Cow ta watse a 1978, kuma ba a daɗe da bikin Milan ba haɗin gwiwar ya yi sanyi. Abin da ya wanzu shi ne hanyar da suka share. Cutler ya kafa kamfanin Recommended Records a 1978 don rarraba irin waɗannan faifai, Cuneiform Records ta Amurka ta ɗora daga 1984, Roger Trigaux ya fita daga Univers Zero ya kafa Present.

A Afrilun 2007 Michel Besset da Trigaux suka farfaɗo da bikin a Carmaux da ke kudancin Faransa. A can ne, a 2011, Univers Zero da Present da Aranis suka hau dandamali ɗaya a matsayin ƙungiya guda, kuma a 2014 aka gudanar da irin wannan biki a Tokyo.