Waiwaye A Kan Kwaskwarimar Wasannin Harbi Na Kwamfuta

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Wannan ne ya sa muka ga dacewar leƙa tarihin wasannin harbi na kwamfuta, musamman waɗanda masu sha'awa suka yi wa kwaskwarima don ƙashin kansu, ba tare da wani ya sa su ko ya biya su ba.

Al'amarin ya samo asali ne daga Amurka. A shekarar 1992 kamfanin id Software ya fitar da Wolfenstein 3D, nan da nan matasa suka kutsa cikinsa suna sauya hotuna da fagagen daga. Maimakon a toshe musu kafa, sai John Carmack ya tsara Doom a 1993 ta yadda hotuna da sauti da taswirori suke cikin rumbu guda mai suna WAD, injin wasan kuwa yana gefe. Ta haka kowa ya sami damar zana fagensa, ya raba wa abokai, su haɗa kwamfutoci su fafata.

Sai dai ba a je ko'ina ba maganar kuɗi ta kunno kai. A 1995 wani gungu mai suna TeamTNT yana gab da sakin aikinsa kyauta, kamfanin ya yi masa tayi, aka sayar da shi cikin Final Doom a 1996. Da yawa sun ɗauki hakan cin amana ne. Mu kam muna ganin da wuya a zargi wanda ya kwana yana aiki don ya karɓi ladan guminsa, amma daga ranar zumuncin ya sami tabo.

Haka aka ci gaba. Wasu samari uku a Ostireliya suka gina Team Fortress a kan Quake a 1996, inda suka raba wa 'yan wasa ayyuka: wannan likita, wancan injiniya, wani ɗan leƙen asiri. Kamfanin Valve ya ɗauki biyu daga cikinsu aiki. A 1999 kuma ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka juya Half-Life ya zama Counter-Strike, Valve ya saye shi a 2000, har ɗan ya zo ya fi uban suna. Fagen Dust, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a wasan, wani matashi ne a Ingila, Dave Johnston, ya zana shi tun bai cika shekara 20 ba, kuma ƙaninsa Dust II yana cikin Counter-Strike 2 da ya fito a 2023.