Rigakafin Dole da Kasuwar Inshorar Lafiya a Ƙasar Damagaram, 1905-2013

1. Gabatarwa

A shekarar 2010 majalisar Amurka ta kafa doka wadda ta tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya su biya kuɗin rigakafi, kamar allurai da wasu gwaje-gwaje, ba tare da mai inshora ya ƙara ko kwabo ba. Tun daga lokacin ake tambaya: shin wannan tilas yana ƙara wa inshora kasuwa ko yana rage ta? Manufar wannan takarda ita ce mu yi wannan tambaya a ƙasar Damagaram, musamman a karkara irin ta Damagaram Takaya, garin da tarihin baka ya danganta da asalin gidan sarautar, wanda kuma ya zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire shi daga Mirya. Za mu nuna cewa a nan hukuma ce ta ɗora wa kanta tilas ɗin, kuma yadda ta ɗauki nauyin, da yadda ta kasa sauke shi, su ne suka tsara abin da ya rage a sayar da sunan inshora.

2. Lamba da lanho: zamanin mulkin mallaka

Faransawa sun ci Zandar a 1899, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin yankin Nijar. A 1905 gwamna janar Roume ya kafa a Dakar hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa ta Afirka ta Yamma ta Faransa. Babban aikinta a karkara shi ne lamba, wato rigakafin agana. A 1941 aka ƙara rigakafin ciwon shawara cikin abubuwan dole, sannan a 1945 aka kafa ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya masu yawo gari-gari, da cibiyarsu a Bobo-Dioulasso.

Abin lura a nan shi ne hanyar da rigakafi ya bi ya isa ga talaka. Kwamanda yana aika umarni ga sarki, sarki ga hakimai, hakimai ga masu gari, dogarai su tara jama'a. Hanyar lanho ke nan, kuma ita ce hanyar aikin tilas da ɗibar soja. Ba a biyan kuɗi a wurin lamba, domin baitulmalin da lanho yake cikawa ne yake biya. Saboda haka manomi ya san rigakafi a matsayin abin hukuma, abin da ake zuwa a yi wa mutum ko yana so ko ba ya so. Abin da yake cire kuɗinsa ya saya shi ne maganin ciwon da ya riga ya kama shi, a wurin wanzami, ko malam, ko boka, ko mai tallar magani ranar kasuwa.

Samun mulkin kai a 1960 bai canza wannan fahimta ba. Gangamin kawar da agana da yaƙi da ƙyanda da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967 kyauta ne, kuma ta hannun sarakuna aka tara mutane. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a duniya.

3. Ƙwarya-ƙwaryar inshora kafin 1990

Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wanda aka kafa a 1965, ya tsaya ne ga kuɗin iyali, da haɗarin wurin aiki, da fansho. Ma'aikacin gwamnati kuma gwamnati ce take ɗauke masa mafi yawan kuɗin kwanciya a asibiti. Kamfanonin inshora kuwa, cinikinsu ya fi karkata ga motoci, domin doka ta tilasta inshorar mota. Inshorar lafiya sai manyan ma'aikatu suke saya wa ma'aikatansu, yawanci a Yamai. Manomin Gidimuni ko makiyayin Mowa ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Abin da yake dogara da shi in ciwo ya zo shi ne zumunta, da adashi, da bashi, da akuyar da za a kai kasuwa.

4. Gwajin Boboye da dokar 1995

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa jama'a su riƙa biyan wani abu a ƙananan gidajen likita, domin a sami kuɗin sake sayen magani. Nijar ta gwada hanyoyi biyu a 1993. A Say, mara lafiya yana biyan sefa 200, wato dala 40, a kowane ciwo, yaro kuma rabin haka. A Boboye kuwa, aka ƙara sefa 200 a kan harajin kowane mai biyan haraji a shekara, sannan mara lafiya ya biya sefa 50 kawai, yaro 25. An bar Illela ba canji domin kwatantawa.

Tsarin Boboye inshora ce ta dole, ko da ba a kira ta da wannan suna ba: mai lafiya da mara lafiya duk sun zuba tun kafin ciwo. Binciken da Diop da Yazbeck da Bitrán suka buga a 1995 ya nuna cewa zuwa gidan likita ya ƙaru a Boboye fiye da Say, musamman a tsakanin mata da yara da matalauta. Amma bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, aka kuma kafa dokar biyan kuɗin magani a 1995, hanyar da ta bazu a ƙasa, har da jihar Damagaram, ita ce ta Say: a biya ranar ciwo. Allurar yara ta zauna kyauta. Rabon da muka gani a sashe na 2 ya sake tabbata ke nan, rigakafi na hukuma, magani na aljihu.

A wannan hali ne aka fara kafa asusun taimakon juna na lafiya a wasu garuruwa, yawanci da tallafin ƙungiyoyin waje. Hujjar masu tallarsa a fili take: zuba kaɗan a lokacin kaka, kada zazzaɓin damina ya same ka rumbu ba kome.

5. Kyautar 2006 da sakamakonta

Bayan matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, gwamnatin Tanja Mamadu ta soke biyan kuɗi a kan tiyatar haihuwa, sannan a 2006 a kan awon ciki, da tazarar haihuwa, da duk maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Tsarin shi ne gidan likita ya yi aikin kyauta, ya rubuta takardar kuɗi, baitulmali ya biya shi daga baya.

Amfanin wannan mataki ba abin musu ba ne. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya lasafta maganin kyauta, da gidan sauro, da ƙananan ɗakunan lafiya na ƙauyuka cikin dalilan. Rigakafi ya ci gaba da faɗaɗa ta hanyar gangami: sabuwar allurar sanƙarau a 2010 da 2011, da maganin kare yara daga zazzaɓin damina da aka fara rabawa a 2013, har da Magarya.

To, me ya faru da inshora? Za mu kawo abubuwa uku.

Na farko, abin da ya fi kai magidanci gidan likita shi ne ciwon ƙaramin yaro da cikin matarsa. Da hukuma ta ce waɗannan kyauta ne, sai babbar hujjar zuba kuɗi a asusu ta raunana. Waɗanda suka fi ganin amfanin shiga su ne masu tsohon ciwo, kuma asusun da masu ciwo suka fi yawa a cikinsa ba ya daɗewa. Dokar 2008 da ta tsara waɗannan asusai, da ƙa'idar ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ta 2009, sun zo ne bayan an riga an ɗauke musu wannan kaso.

Na biyu, baitulmali bai biya a kan lokaci ba. Binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wanda Olivier de Sardan da Ridde suka tattara a littafinsu na 2014, ya nuna yadda bashi ya taru a kan gwamnati, magani ya yanke a gidajen likita, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya. Ana iya zaton wannan giɓi zai buɗe wa asusu kasuwa. Amma asusun ma a wannan gidan likita da ba magani yake tura membobinsa, ga shi kuma yana da wuya a karɓi kuɗin mutum a kan abin da rediyo ya ce kyauta ne.

Na uku shi ne yarda. Inshora alkawari ne: ka ba da yau, a ba ka gobe. Wanda ya ga alkawarin hukuma bai cika ba, ba zai yi saurin miƙa kuɗin gyaɗarsa ga ƙaramin kwamiti ba, alhali yana iya sayen tunkiya wadda yake gani da idonsa.

6. Kammalawa

A Amurka an ɗora rigakafi a kan kayan da ake sayarwa; a Damagaram an cire shi daga kasuwa tun 1905, aka kuma bi shi da maganin yara a 2006. Ƙasashen da inshora ta bazu a karkararsu, irin Ruwanda da Gana, sun haɗa ta da tilas ko da kuɗin haraji, kuma hanyar tilas ce Nijeriya ta bi a dokarta ta 2022. Nijar ta gwada irin wannan a Boboye tun 1993 ta bar shi. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne su duba kundin rajistar gidajen likita na Damagaram Takaya da Mirya kafin 2006 da bayanta, su haɗa da hira da magidanta, domin a san wa ya biya, nawa, kuma me ya sayar kafin ya biya.