Sabuwar Kwamfuta, Tsohuwar Riga: Daga Maɓallin Start Zuwa Rubutun Rabiat



Duk mai kai rubutunsa shagunan buga takardu na bakin titi a Bodinga ko Shagari zai iya cin karo da wannan: kwamfuta sabuwa, amma fuskarta ta da ce. Mai bugu ya sami Windows 10 ko 11, ya zauna ya mayar da komai inda hannunsa ya saba. Ba ƙauyanci ba ne. Ɗabi'a ce mai tarihi, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya buɗe mata ƙofa.

A watan Agustan 1995 Windows 95 ta fito da maɓallin Start a kusurwar hagu ta ƙasa. A lokacin shi ne baƙo, shi ya sa aka bar tsohon Program Manager na Windows 3.1 a ciki saboda masu ƙyamar sabon. Da XP ta zo a 2001 da launukanta na shuɗi da kore, nan ma aka bar zaɓin komawa tsohuwar fuska mai ruwan toka.

Rigimar gaske ta tashi ne a Oktoban 2012. Windows 8 ta cire maɓallin Start ɗungurungum, ta kawo manyan akwatuna da aka tsara don allon taɓawa, alhali yawancin jama'a da linzami suke aiki. Sai mutane suka ruga wajen Classic Shell, wata manhajar kyauta da Ivo Beltchev ya fara tun 2009, da Start8 ta kamfanin Stardock, don su dawo da abin da aka ƙwace musu. Microsoft ya sassauto: maɓallin ya dawo a Windows 8.1 a 2013, cikakken jerinsa kuma a Windows 10 a 2015. Beltchev ya ajiye aikin a ƙarshen 2017, 'yan sa-kai suka ci gaba da shi da sunan Open-Shell. Da Windows 11 ta tura maɓallin tsakiya a 2021, zaɓin mayar da shi hagu na nan cikin saituna. An dai ji jiki.

Duk wannan sauya riga ne, ba ya cutar da kowa. Inda abin ya shafe mu shi ne wani tsohon tsarin da mu masu Hausa muke ta ɗauko shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, shi kuwa a cikin rubutun yake zaune.

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a boko tun shekarun 1930, amma da kwamfuta ta shigo mana, allon bugunta bai san su ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon rubutu na Rabiat da Abdalla, kuma dabarar mai kyau ce a zamaninta: an ari maɓallan da Bahaushe bai cika buƙata ba, aka zana musu sabuwar sura. Ka danna } ka ga ƙ, ka danna ] ka ga ɗ, ka danna ~ ka ga ɓ. Littattafai da kundayen digiri masu ɗimbin yawa da haka aka buga su, kuma ba mai raina wannan hidima sai wanda bai san wahalar ɗiga ƙugiya da biro bayan an gama bugu ba.

Sai dai ido kawai ake nuna wa ƙ. A cikin fayil, } ce ke zaune. Muddin takarda za a fitar a shagon, lafiya lau. Ranar da labarinka ya bar wannan kwamfutar, ka tura wa alƙalan gasa ko ka liƙa a Facebook, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Wanda ya nemi kalmar "ƙauna" a intanet ba zai taɓa faɗawa kan labarinka ba, ko da sau ɗari ka ambace ta.

Abin takaicin, maganin ya daɗe da zuwa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa ta kansa, kuma tun Windows 7 ta 2009 akwai allon bugun Hausa a cikin kwamfutar, sai dai a kunna shi. Wayarka ma da shi take rubuta ƙ. Mai bugu bai koma ba ne don yatsunsa sun haddace tsoffin wurare, kuma kowane minti kuɗi ne a wurinsa. Ina ganin uzurinsa, amma sunanka ne a kan labarin.

A ganina ka bar shi da tsohon maɓallin Start ɗinsa, ka dai karɓi fayil ɗinka ka buɗe a waya tun kana shagon. In ka ga baka-baka a tsakiyar kalmomi, alamomi shida ne kacal za a musanya ta Ctrl da H: } da { su koma ƙ da Ƙ, ] da [ su koma ɗ da Ɗ, ~ da | su koma ɓ da Ɓ. A fara adana kwafi, domin in akwai baka ta gaskiya a rubutun, ita ma za ta rikiɗe ta zama harafi.