Furen da Aka Ɗaukar wa Mai Gadi a Ingila

Wanda ya taɓa tono wani tsiro a dajin Shagari ko bayan garin Bodinga, ya dasa a gida, ya yi ta ban ruwa amma ya ƙi kamawa, zai gane labarin nan da wuri.

A dazuzzuka masu sanyi na arewacin Turai da Asiya akwai wani fure daga dangin okid, masana na kiransa Cypripedium calceolus. Leɓensa rawaya ne, a kumbure kamar ɗan takalmi. Ƙananan ƙudan zuma kan faɗa ciki, ba su samun mafita sai ta wata 'yar ƙofa a baya, inda garin furen ke manne musu su kai wa wani.

Kyansa ne ya ja masa. A ƙarni na 19 masu sha'awar furanni a Ingila suka dinga tone shi suna kai wa lambunansu, wasu suna sayarwa. Da yawa suka mutu bayan dashe, sai a koma daji a tono wani. A 1917 aka ce ya ƙare a Birtaniya. Sai a 1930 aka ci karo da tushe ɗaya tak a tsaunukan Yorkshire. Aka ɓoye wurin, daga baya har masu gadi aka sa suna kwana kusa da shi lokacin da yake fure.

To me ya hana a shuka irinsa kawai? Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci irin na ƙwayar gero ko wake. Sai ya haɗu da wani nau'in naman gwari da ke cikin ƙasa, wanda zai ciyar da shi, kafin ya tsiro. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, ya gano wannan a 1899. Bayan tsirowa ma, yakan ɗauki shekaru kafin ya yi fure na farko.

A 1983 lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan ya fara aikin ceto okid. Dabarar da ta yi aiki ita ce ɗibar irin tun bai gama nuna ba, a rene shi cikin kwalba da abinci na musamman, sannan a mayar daji.

Mu ma muna da dangin okid a dajin Najeriya, irin su Eulophia, masu ɓoye tushensu a ƙasa duk rani har ruwa ya sauka. Likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ni dai da zan so wani ɗalibi ya ɗauki littafin nan, ya zaga da shi wurin masu sayar da saiwa a kasuwar Bodinga, ya tambaye su waɗanne ne yanzu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samu.