Hatimin Azurfa a Ingila: Doka, Maƙera da Kuɗin Sarki

Azurfa tsantsa ƙarfe ce mai taushi ƙwarai. In an ƙera cokali da ita kaɗai ba zai jima ba zai lanƙwashe, don haka tilas maƙeri ya surka ta da jan ƙarfe domin ta yi ƙwari. To, a nan rigimar take, gama ido ba ya rarrabe azurfar da aka surka da kaɗan da wadda aka yi wa algus. Maƙeri ya san abin da ya zuba a wuta, mai saye kuwa sai abin da aka gaya masa. Turawan Ingila sun shafe fiye da shekara 700 suna neman toshe wannan kafa da doka, kuma wanda ya bi tarihin dokokin nan zai ga cewa tsaron kuɗin sarki ya fi tausayin mai saye ƙarfi a cikinsu.

Cikin shekarar 1300 Sarki Edward na Farko ya kafa dokar da ta zama tushe. Ta ce kada a sayar da kayan azurfa sai nagartarsu ta kai ta kuɗin ƙasa, watau kashi 925 cikin 1,000 azurfa ne, sauran 75 jan ƙarfe. Wannan ma'auni shi ake kira sitalin. Aka ɗora wa shugabannin maƙera su riƙa zaga shaguna suna gwada kaya, wanda ya cika sharaɗi su buga masa hatimi mai siffar kan damisa. A 1363 aka ƙara da cewa kowane maƙeri ya sa tasa alamar, don a san wanda za a kama in an sami ha'inci.

Amma wa zai tsare mai gwajin? Ƴan zagayen nan maƙera ne, ƴan'uwan sana'arsu suke dubawa, kuma ba a rasa ɗaga ƙafa. Saboda haka a 1478 ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan ta ɗauki ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa gwaji kawai, aka ce kowa ya kawo kayansa zauren ƙungiya. Sa'an nan aka fara buga harafi guda wanda ake sauyawa kowace shekara. Masu tara tsofaffin kaya a yau suna duba harafin don sanin shekarun kwano, alhali kuwa asalinsa don a gane jami'in da ya wuce da kayan banza ne. Wannan mataki na raba mai ƙira da mai shaida shi ne mafi hikima a cikin tsarin duka.

Gwajin kansa ba na wasa ba ne. Akan kankare ɗan ɓarɓashi daga jikin kayan, a auna, a naɗe shi cikin dalma, a sa a wani ɗan kasko na tokar ƙashi, a kai wuta. Dalmar takan narke ta kwashe jan ƙarfen su shige cikin kaskon, a bar ɗan ƙwallon azurfa zalla. In aka sake aunawa, abin da ya ragu shi ne surkin. Kayan da suka kāsa akan farfasa su a mayar wa mai su.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa yin algus a ƙarni na 16 shi ne sarki da kansa. Daga 1544 Sarki Henry na Takwas, da yaƙe-yaƙe suka cinye masa baitulmali, ya shiga rage azurfar da ke cikin kuɗi, har ta koma sulusi. A zamanin ɗansa, cikin 1551, ta faɗo rubu'i. Fuskarsa da ke jikin kuɗin takan goge ta hanci jan ƙarfe ya bayyana, har jama'a suka yi masa laƙabi da mai hancin jan ƙarfe. A cikin wannan shekara ta 1544 ne hatimin zaki mai tafiya ya fara bayyana a kan kayan azurfa, kuma masana da yawa suna ganin manufarsa ita ce a tabbatar wa mutane cewa kwanukan suna nan kan ma'aunin dā, ko da kuɗin sun lalace. Sai a 1560 Sarauniya Elizabeth ta Farko ta mayar da kuɗin kan sitalin.

Bayan shekara ɗari da ƴan kai lamarin ya juya. Tun da kuɗi da kwano ma'auninsu ɗaya ne, sai aka riƙa yanke gefen kuɗi ko a narka su dungum a ƙera kaya. Don hana wannan, a 1697 majalisa ta ɗaga ma'aunin kayan azurfa zuwa kashi 958, da sabon hatimi mai hoton mace da ake kira Britannia, ta yadda narkakken kuɗi ba zai ci gwaji ba. Maƙera suka koka da taushin sabuwar azurfar, a 1720 aka maido da sitalin, amma tare da harajin sisi kan kowace oza. Nan da nan masu dabara suka samo hanya: a kai ɗan ƙaramin abu a buga masa hatimi, a yanke wurin hatimin a liƙa shi a gindin babbar buta. A 1757 aka mai da jabun hatimi laifin kisa, daga baya a 1773 aka sassauta zuwa kora ƙasashen waje. A shekarar 1773 ɗin ne kuma biranen Birmingham da Sheffield suka sami ofisoshin gwaji nasu, bayan fafutukar attajiri Matthew Boulton, wanda ya gaji da aika kayansa Chester suna dawowa a lotse.

Ƙasar Hausa ba ta yi irin wannan ofishi ba, amma ta san ma'auni. Maƙeran fari sun daɗe suna narka liyari, kuɗin nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya da kwanan 1780, su yi mundaye da zobba da kayan doki. Azurfarsa kashi 833 ce, ba ta sauyawa, don haka kuɗin da kansa ya zama shaida. Abin da dokar 1697 ta nemi hanawa a Landan shi ne ginshiƙin amana a Kano.

A Ingila kuwa kuɗi da kwano sun rabu har abada: a 1920 aka rage azurfar kuɗi zuwa rabi, a 1947 aka cire ta gaba ɗaya. Dokar 1973 ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, ta fara aiki a 1975. Ofisoshi huɗu suka rage, a Landan da Birmingham da Sheffield da Edinbara. Tun 1999 alama uku ce tilas: ta mai kaya, ta ofishin gwaji, da lambar nagarta, kamar 925. Zakin nan na zamanin Henry da harafin shekara sun zama na ganin dama, kuma abin da nauyinsa bai kai giram 7.78 ba ana iya sayar da shi ba hatimi.