Yada Zango a Doguwar Tafiyar Jirgin Sama: Daga Tilas Zuwa Kasuwanci

Yada zango a tafiyar jirgin sama shi ne tsayawar da matafiyi ke yi a wani gari tsakanin inda ya taso da inda ya nufa, ko don jirgi ya sha mai, ko don a sauya jirgi. A ƙa'idar kamfanonin jirage, tsayawar da ba ta wuce awa 24 ba a tafiyar ƙasa da ƙasa wucewa ce kawai. Wadda ta zarce haka ita ce cikakken zango, kuma takan taɓa kuɗin tikiti. Kalmar ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da wuraren da madugu kan sa ayari ya sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana, kuma daga nan ne unguwannin Zango na Kumasi da Akara suka samo sunansu. Abin da ya tilasta wa ayari tsayawa shi ya tilasta wa jiragen farko: abin hawa yana da iyakar tafiyar da zai iya yi, dare kuma ba lokacin tafiya ba ne.

A shekarun 1930 jirgin fasinja galibi bai iya wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba tare da ya sauka ba, kuma da wuya ya tashi da dare. Tafiya daga Landan zuwa Cape Town a jiragen kamfanin Imperial Airways na Birtaniya, wadda aka buɗe a 1932, takan ci fiye da kwana goma. Akwai lokacin da fasinja kan yi wani yanki na hanyar a jirgin ƙasa, daga Faris zuwa Brindisi a kudancin Italiya, kafin ya shiga jirgin da ke tashi daga kan ruwa. Inda babu masauki, kamfani ne ke ginawa. A Sharja, maƙwabciyar Dubai, an gina ganuwa mai ɗakunan kwana a 1932 domin masu zuwa Indiya, kuma tana nan har yau a matsayin gidan tarihi. Kamfanin Pan Am na Amurka ya gina otal-otal a tsibiran Midway da Wake da ke tsakiyar tekun Pasifik. Kwana da abinci duk suna cikin kuɗin tikiti, masu hawa kuwa manyan jami'an mulkin mallaka ne da attajirai.

Kano ta shiga wannan tarihi da wuri. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawakai na birnin. A 1936 Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, ta El Fasher, El Geneina, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Maiduguri, kafin a miƙa hanyar zuwa Legas a cikin shekarar. Wannan kusan ita ce hanyar da mahajjatan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi da ƙafa, suna shafe shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa hanyar daraja. Daga 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta nan, kuma saboda su aka inganta titin sauka da na'urorin sadarwa.

Bayan yaƙi sai filin jirgin Kano ya zama mashigar da ba makawa ga masu ƙetare Sahara. Jirgi mai farfela da ya taso daga Tunis ko Tarabulus, da zarar ya haye hamada, mai yake nema, kuma Kano ce babban gari na farko a bakin kudu. Kamfanin KLM na Holan ya fara sauka a 1947 a kan hanyarsa ta zuwa Johannesburg. Sabena na Beljiyam yana tsayawa idan za shi Kwango, BOAC na Birtaniya kuma idan za shi Legas ko Akara ko Afirka ta Kudu. Abin da matafiyan zamanin suka fi tunawa shi ne mutumin da ke kan raƙumi yana busa kakaki idan jirgi ya doso, wato aka yi wa baƙon sama irin tarbar da ake yi wa sarki. Wanda tsayawarsa ta yi tsawo yana da abin kallo a kusa, daga ganuwa zuwa marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, da kayan fata da dukawan birni suka shahara da su. Turawa da yawa a wannan ɗan tsakanin suka fara taka ƙasar Afirka ta Yamma.

Hanyar Ostireliya ta nuna yadda zango ya cika tafiyar wancan lokaci. A watan Disamba na 1947 Qantas ya fara kai fasinja daga Sydney zuwa Landan a jirgin Constellation mai ɗaukar mutum 29. Yana sauka a Darwin, Singafo, Kalkata, Karachi, Alƙahira da Tarabulus, ana kwana a Singafo da Alƙahira, a isa cikin kwana huɗu. A arewacin tekun Atlantika kuwa Gander ta Kanada da Shannon ta Ayaland ne mashaya. A Shannon aka buɗe kantin farko na filin jirgi mai sayar da kaya ba haraji a 1947, domin an lura cewa fasinjan da ke jiran a zuba mai yana da kuɗi a aljihu kuma ba shi da abin yi.

Har zuwa wannan lokaci aji ɗaya ne a jirgi, kuma na masu hali ne. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ke yanke farashi a lokacin. A 1952 ta yarda a buɗe ajin masu yawon buɗe ido a hanyar Atlantika, da ragin kusan kashi ɗaya bisa uku, sannan a 1958 aka ƙara wani aji mai rahusa a ƙasansa, wanda shi ne ikonomi. An tsara shi da gangan ya zama marar daɗi, don kada mai kuɗi ya bar gaba ya koma baya: aka matse kujeru, aka hana abinci mai zafi, aka ce sai burodi da ɗan abin da aka sa masa. Har rigima ta tashi a shekarar, lokacin da wasu kamfanoni suka kai ƙarar SAS na ƙasashen Sikandinebiya cewa abin da yake ɗorawa a kan burodin ya kai cikakken abinci. A watan Oktoba na 1958 Pan Am ya fara amfani da jet ɗin Boeing 707 tsakanin New York da Faris, a farkon 1970 kuma Boeing 747 ya shigo da kujeru sama da 300. Cika irin wannan jirgi sai da talaka, saboda haka farashi ya yi ta sauka.

Sauƙin da jet ya kawo wa fasinja shi ya karya garuruwan zango. Jirgin da zai iya tashi daga Turai ya sauka Legas kai tsaye ba ya da dalilin biyan kuɗin sauka a Kano. Gander ta koma shiru. Kano ta daɗe tana riƙe da wani abu saboda kasuwancinta da jigilar alhazai, amma masu tsayawa shan mai suka janye ɗaya bayan ɗaya, KLM ma ya daina zuwa a 2012 bayan shekara 65. Inda zangon tilas ya ɗore, siyasa ce ta riƙe shi. Da ƙasashen Afirka suka rufe wa jiragen gwamnatin wariyar launin fata sararin samaniyarsu a 1963, sai jiragen Afirka ta Kudu suka riƙa zagayawa ta kan teku, suna shan mai a wurare irin su tsibirin Sal na Cape Verde. Haka Anchorage ta Alaska ta ci moriyar rufe sararin Tarayyar Sobiyat: masu zuwa Tokyo daga Turai a nan suke tsayawa, har aka buɗe hanyar Siberiya sosai.

Dabarar mayar da zango haja ta fito ne daga ƙaramar ƙasa. Kamfanin Loftleiðir na Aisland bai shiga IATA ba, don haka ba a ɗaure shi da farashinta ba. Yana kwasar ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi tsakanin New York da Luxembourg a jirage masu farfela, a hankali amma da araha, kuma dole a sauka Reykjavik. A shekarun 1960 sai ya fara tallata tsayawar kanta: a kwana, a ga gari, a wuce gobe. Magajinsa, Icelandair, har yau yana barin fasinja ya tsaya zuwa kwana bakwai ba tare da ƙarin kuɗin tikiti ba. Wannan tunani ne Singafo da ƙasashen yankin Gulf suka faɗaɗa. Emirates, da aka kafa a 1985, da Qatar Airways, da Turkish Airlines, da Ethiopian Airlines, duk sun gina ƙarfinsu a kan tattaro fasinjoji daga garuruwa da yawa zuwa cibiya ɗaya, a sake rarraba su. Mai zuwa Guangzhou daga Kano ba zai cika jirgi shi kaɗai ba, amma idan aka haɗa shi a Addis Ababa da na Lome da na Kinshasa, jirgi ya cika, tikiti ya yi sauƙi.

Daga nan garuruwan cibiya suka shiga neman mai wucewa ya fito ya kashe kuɗi. Filin Changi na Singafo yana zagayawa da fasinjoji cikin birni kyauta. Turkish Airlines yana yin haka a Istanbul ga wanda jiransa ya kama daga awa 6 zuwa 24. Ethiopian Airlines kan ba da ɗakin otal a Addis Ababa ga wanda zai jira tsakanin awa 8 da 24 idan tikitinsa ya cika sharuɗɗa. Ga mai kujerar ikonomi wannan ya wuce yawon buɗe ido. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, matsinta kamar na kan dutse mai tsayin mita 2,000 ko kusa da haka, kuma binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna cewa zama wuri ɗaya fiye da awa huɗu yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Saukar tsakiyar hanya dama ce ta miƙe ƙafa, a yi wanka, a yi alwala da ruwa isasshe, a yi salla a kan ƙasa ana fuskantar alƙibla ba tare da shakka ba.

Sai dai ƙofar garin zango ba kowa take buɗe wa ba. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Gana yana cikin waɗanda ƙasashen yankin Schengen ke neman bizar wucewa daga gare su ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, sai in suna da wata takardar da ta ɗauke musu, kuma Birtaniya tana da irin wannan sharaɗi. Wannan rashin adalci ne ga mutumin da ya biya kuɗi daidai da na kusa da shi, kuma yana cikin dalilan da suka karkatar da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da masu zuwa Umara zuwa Addis Ababa, Alƙahira, Doha da Istanbul.

Jiragen zamani sun kai ƙarfin da zango ya kusa zama zaɓi a kowace hanya. A watan Maris na 2018 Qantas ya fara tashi daga Perth zuwa Landan ba tsayawa, tafiyar kusan awa 17. A shekarar kuma Singapore Airlines ya dawo da tafiyarsa ta kai tsaye zuwa yankin New York, wadda kan kai awa 18, a jirgin Airbus A350 da aka ƙera don dogon zango. A cikin wannan jirgi babu kujerar ikonomi ta gama-gari ko ɗaya. Ajin 'yan kasuwa ne da wani matsakaicin aji mai tsada. Mai neman tikiti mai sauƙi tsakanin Singafo da New York har yanzu ta Doha ko Istanbul ko Tokyo yake bi.